Fuskar Hasana a Shafin Ɗayyabu

Shagon Ɗayyabu yana daf da Ƙofar Mazugal, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da littattafan addini. Kwamfuta uku ce a ciki, da injin fotokwafi, da benci ɗaya na masu jira. Ɗayyabu bai wuce aji uku a sakandare ba. Duk abin da ya iya a kan kwamfuta da kansa ya koya, ya ɓata ya gyara har hannunsa ya faɗa. Shekara biyu da suka wuce ya buɗe bulog, wato shafinsa na kansa a intanet, ya sa masa suna Cikin Badala, wato cikin ganuwar Kano, yana rubuta labaran unguwanni: rijiyar da aka cike, masallacin da aka rushe aka sake, wanda ya rasu, wanda ya yi aure.

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi. Ya liƙa mai ƙirga maziyarta. Ya liƙa taswirar da ke ɗiga jan ɗigo a duk garin da aka buɗe shafin, har ya ga ɗigo a Jidda da Kwatano. Ya liƙa wata mai tattara sharhin da masu karatu suka yi, ta tura wa duk wanda ya yi rajista ta imel kowace Juma'a. Mutum ɗari uku da 'yan kai ne suka yi rajistar.

Shekara goma sha biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, zaɓe na huɗu kuma yana tafe. A watan da aka gama rajistar masu zaɓe ne Ado ya shigo shagon. Ado marini ne a Ƙofar Mata, tare suka taso da Ɗayyabu a Madabo. Ya zauna a benci har shagon ya watse, sannan ya matso.

"Mutumina, wannan abin naka, mutum zai iya faɗin magana ba a san shi ba ne?"

"Sai ka sa sunan da ka ga dama."

Ado ya ce ya kai rinannun shaddoji gidan Alhaji Audu, mai neman kujerar majalisa, aka ce ya shiga da su ciki. A can ya ga buhu biyu cike da katunan zaɓen matan unguwa, waɗanda aka bi gida gida aka karɓa da sunan za a adana musu. Bai iya buga kwamfuta ba, don haka ya faɗa, Ɗayyabu ya buga. Suka sa suna Ɗan Lungu.

Gurbin sharhin ya ƙi karɓa sai an sa adireshin imel. Ado ba shi da shi. Ya laluba aljihu ya fito da wata takarda da ta sha ninki.

"Ga na Hasana. Da shi duk gidanmu muke amfani."

Haka ake yi. A da unguwa guda takan yi tarayya a akwatin gidan waya ɗaya, yanzu ma wanda ya fara buɗe imel a gida shi ne na kowa. Hasana ƙanwar Ado ce, malamar firamare. Ɗayyabu ya buga adireshin ba tare da wani tunani ba.

"Ba wanda zai gani?"

"Ni kaɗai, a ciki. A waje Ɗan Lungu kawai za a gani."

Sau huɗu Ado ya zo cikin wata guda, sau huɗu Ɗan Lungu ya yi magana. Mai ƙirga maziyarta ya fara nuna abin da bai taɓa nunawa ba. Ɗayyabu ya ji daɗi, ya shiga neman abin da zai ƙara wa shafin armashi. Ranar wata Alhamis ya samu wata manhaja da aka ce tana sa masu sharhi su ji kamar a majalisa suke, domin tana sa ɗan hoton kowa a gefen maganarsa. Ya liƙa ta, ya duba sabon rubutunsa, ya ga hotonsa ya fito tsaf a gefen amsar da ya ba wani. Aka ɗauke wuta, ya rufe shago ya tafi.

Bai san manhajar ba ta tambayar kowa ba. Adireshin imel take bi, ta je ta ɗauko duk hoton da aka taɓa haɗawa da shi, ta manna a sabon sharhi da tsoho. Hasana kuwa ta haɗa nata da hoto tun wani kwas na malamai da aka ce kowa ya sa. Da safiyar Juma'a ɗaya manhajar ta yi aikinta, ta tura sharhin watan gaba ɗaya ga mutum ɗari uku.

Ranar Asabar da hantsi Nata'ala ya shigo. Kowa a cikin gari ya san shi: shi ke tafe da samarin Alhaji Audu, shi ke raba musu babura. Ya yi sallama da ladabi, ya gaida kowa, ya zauna a kujerar da ke gefen Ɗayyabu.

"Injiniya, fotokwafi nake so. Guda hamsin."

Ya ajiye takarda a kan tebur. Sharhin Ɗan Lungu ne guda huɗu, an buga su daga imel. A gefen kowanne ga Hasana cikin farin hijabi, tana ɗan murmushin da ake yi wa mai hoto.

Ɗayyabu ya ɗauki takardar ya duba.

"Ashe Malama ta iya rubutu haka," in ji Nata'ala. "Mu da muke ta zargin maza. Kuma ka ga ita aka ɗauka aikin wucin gadi a wurin rajista, ita ta riƙa rubuta sunayen matan. Abin ya haɗu."

"Kuskuren na'ura ne. Ba ita ba ce."

"To wa ne?"

Ɗayyabu ya mayar da takardar kan tebur.

"Na'ura ba ta da abokin gaba, Injiniya. Abin da aka ba ta take fitarwa." Nata'ala ya miƙe, ya bar takardar. "Bar fotokwafin ma, akwai wani shagon. Wannan ka riƙe, tsaraba."

Yana fita Ɗayyabu ya cire manhajar. Hotunan suka ɓace daga shafin cikin ƙiftawar ido. Ya zauna yana kallon gurbin da babu kowa, ya san bai gyara komai ba. Wasiƙa ɗari uku ta riga ta isa inda za ta.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta Hasana ta zo da kanta. Ba ta zauna ba.

"Malam Ɗayyabu, wa ya ba ka adireshina?"

A da Yaya take kiransa. Ya lura da canjin.

"Ado ne ya..."

"Na sani. Ya faɗa mini jiya, yana kuka kamar shi aka yi wa. Tambayarka nake, kai da ka san abin, da ya miƙo maka ka ce a tambaye ni?"

"Ban ce ba."

"Babura uku ne a bakin makarantarmu tun safe. Da safen ba su ce da ni komai ba. Da na fito ɗaya ya ce, Malama a gaida gida, ta Madabo za a bi ko ta kasuwa? Hedimasta ya ce in ɗan huta a gida har a gama zaɓe. In huta! A gidan ma jiya an jefo takardar ta kan katanga, Inna ce ta tsinta, tana tambayata me hotona yake yi a hannun maza."

"Zan gyara."

"Da wace na'urar kuma?"

Ta fita ba ta jira amsa ba.

Ya rufe shagon ya nufi Ƙofar Mata. Ya tarar da Ado a bakin rijiyar rininsa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa, hannuwansa shuɗaye har gwiwa. Suka koma gefe inda masu bugu ke dukan shadda, don ƙarar ta rufe maganarsu.

"Zan je in ce ni ne," in ji Ado. "Wallahi zan je. Gobe."

Bai kalli Ɗayyabu ba da yake faɗa. 'Ya'yansa biyar, kuma rabin aikin da yake samu daga gidajen mutanen Alhaji yake fitowa. Amma ba tsoron Ado ne ya tsaya wa Ɗayyabu a rai ba. Tun a hanya yake juya abin.

"Ko ka je ba ta fita ba. Za su ce ita ta ga sunayen a wurin rajista, ta ba ka, ka kawo. Wa da ƙanwa, ciki ɗaya. Maimakon mutum ɗaya su samu biyu."

"To ya za a yi?"

"Sai wanda ba ɗan gidanku ba."

Ado ya ɗago. Ɗayyabu ya jira ya ji ko zai ce a'a. Masu bugu suka ci gaba da dukansu. Can Ado ya ce ƙyallensa zai yi dabbare-dabbare idan ya daɗe a ciki, ya koma bakin rijiya.

Washegari da sassafe Ɗayyabu ya zauna gaban kwamfuta. Shi mutum ne da ba ya son ƙarya, har abokai na yi masa tsiya a kan haka, kuma ga shi zai rubuta ta a gaban mutum ɗari uku. Ya yi ta auna ta. Yatsunsa ne suka buga kowane harafi na Ɗan Lungu, wannan gaskiya ne. Shi ya sa adireshin Hasana ba da saninta ba, wannan ma gaskiya ne. Shi ya liƙa abin da ya tona ta don kawai lambar maziyarta ta ƙaru. Abu ɗaya ne ba nasa ba, wato idon da ya ga buhunan. Ya tambayi kansa ko wanda ya ɗauki kashi uku na laifi yana da ikon ɗaukar na huɗun, ko kuwa yana yi ne don ya daina jin muryar Hasana a kunnensa. Bai samu amsar da ta gamsar da shi ba, kuma babura suna can bakin makaranta.

Ya rubuta gajeren bayani. Ya ce shi ne Ɗan Lungu. Ya ce Malama Hasana ta taɓa zuwa shagonsa buga takarda, adireshinta ya zauna a kwamfutarsa, ya ɗauka ya yi amfani da shi don ya ɓoye kansa, ita ba ta san komai ba, yana neman afuwarta da ta iyayenta. Ya shiga cikin shafin ya canza adireshin sharhin huɗun zuwa nasa. Sannan ya mayar da manhajar hotunan. Fuskarsa ta fito sau huɗu a jere, da hular da ya sa ranar ɗaurin auren ƙaninsa. Bai jira Juma'a ba, ya danna a tura wa kowa.

Taswirar ta fara ɗiga ja. Kano, Kano, Kano, Kaduna, Kano. Mai gyaran agogo ya leƙo ya dube shi, ya girgiza kai, ya koma. Har azahar ba wanda ya shigo buga takarda ko ɗaya.

Wajen ƙarfe biyu saƙo ya shigo wayarsa daga Hasana: "Sun tashi daga bakin makaranta." Ba ta ƙara komai ba. Ya karanta sau biyu, ya sa wayar a aljihu.

Ana idar da sallar la'asar ya ji su. Babura uku suka tsaya a ƙofar shagon, ba su kashe inji ba. Nata'ala ya sauko shi kaɗai, ya yi sallama kamar wancan karon.

"Injiniya, ashe kai ne. Ka ga ka wahalar da yarinyar mutane."

"Ni ne."

"Alhaji ya karanta. Ya ce namiji ne kai, yana son ku gaisa. Rufe shagon, mu za mu kai ka."

Ɗayyabu ya kashe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya miƙa wa mai littattafai makullin, mutumin ya karɓa bai ɗago kai ba. Ya hau bayan babur ɗin Nata'ala. Ɗaya ya shiga gabansu, ɗaya ya biyo baya, suka kutsa lungu.

Sun yi nisa kaɗan Nata'ala ya rage gudu, ya ɗan waiwayo.

"Abu ɗaya ne Alhaji bai gane ba. Ya tambayi masu gadi, ya tambayi matan gida, ba wanda ya taɓa ganinka a ciki. Ya ce in tambaye ka tun a hanya, don kada ka ruɗe a gabansa. Ranar da ka ga buhunan nan, ta wace ƙofa ka shiga?"

Ɗayyabu bai san gidan yana da ƙofa fiye da ɗaya ba.

"Ta gaba," ya ce.

Nata'ala ya yi 'yar dariya, ya ƙara wuta.