Baƙuwar Rasim

Tun safe Makbule ta kasa zama. Ta goge tebur, ta leƙa taga, ta dawo ta sake goge shi. Yau ma'aikaciyar inshorar lafiya za ta zo duba mijinta, Rasim, ta ga ko ya cancanci a riƙa turo mai taimaka masa da wanka da sa kaya. Makbule ce ke ɗaga shi daga gado, ita ke zaunar da shi a banɗaki. Bayanta ya gaza. Likita ya ce in ta ci gaba, ita ma sai an ɗaga ta.

Ta same shi a ɗaki ya aske gemu, har ya yanke haɓa. Kwat ɗin da ya sa a bikin 'yarsu na shimfiɗe a gado.

"Ango, sai ina?"

"Baƙuwa za mu yi. Sa min. Ki tura abin dogarawar nan bayan labule."

"Ba ɗaukar ma'aikata ta zo ba, tsoho. An rufe ramin kwal tuntuni. Lalacewarka ta zo gani."

"Lalacewa tana gidanku."

Ta san tushen abin. A Istanbul, kafin a sa shi da sauran masu neman aikin kwal a jirgin ƙasa zuwa garin Gelsenkirchen na Jamus, likitocin Jamus sun jera su ba riga, sun rubuta musu lamba a ƙirji, sun duba haƙoransu. Wansa ya yi tari, aka mayar da shi ƙauye. Tun ranar Rasim bai yarda ya yi tari gaban Bajamushe mai rubutu ba, duk da ƙurar kwal ta cinye masa huhu.

Da aka danna ƙararrawa, Makbule ta riga ta jingina shi da kabad ɗin takalma. Da kansa ya zuba wa ma'aikaciyar, Frau Wendland, turaren lemo a tafin hannu, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. A falo matar ta buɗe kwamfuta.

"Herr Tuncer, kana wanka da kanka?"

"Kullum."

"Hawa bene fa?"

"Kamar akuya," in ji shi, da Jamusancinsa na cikin rami.

Ta yi dariya, ta rubuta.

"Akuyar da ake goyo," Makbule ta faɗa da Turkanci.

"Hajiya, shayin mutane na hucewa."

Ta shiga kicin, ta fito, ta koma ɗauko sukari. Jamusancinta na kasuwa ne. Ta tsaya ta fara harhaɗawa: "Shi, da safe, ba ya..."

"Matanmu akwai damuwa," Rasim ya katse ta yana murmushi. "Ci alawar baklawa, 'yata," ya ce wa baƙuwar.

Frau Wendland ta ce ya tashi ya ɗan taka ta gani. Kafin Makbule ta yi tunani har ta isa gare shi, kamar za ta gyara masa wuyan kwat, ta cusa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga. Haka take yi gaban surukai, haka take yi a zauren masallaci. Ya taka zuwa taga ya dawo, fuska ta yi jawur don haɗiye tari. Sai da zafi ya soke ta a ƙugu ta gane abin da ta yi.

Matar ta rufe kwamfuta. "Gaskiya da sauran ƙarfinka, Herr Tuncer." Ta miƙe ta ɗauki jaka.

Baƙo ba ya fita maigida na zaune. Rasim ya dubi matarsa. Makbule ta ɗauki farantin shayi, ta riƙe da hannu biyu, ta tsaya inda take.

"Makbule," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta zuba wa kofunan ido.

Ya dafa hannayen kujera ya yunƙura. Ya ɗan ɗago, damatsansa suka hau rawa, ya koma jagwab. Tarin ya ƙwace masa. Ya daɗe bai tsaya ba.

Frau Wendland ta ajiye jakar, ta koma ta zauna.

"Frau Tuncer, ajiye farantin. Zo ki faɗa min yadda kuke yi da safe. A hankali, ina ji."

Rasim ya juya fuskarsa ga bango. Makbule ta zauna a bakin kujera, ta fara daga gado.