Gudumar Gwadabe

Gwadabe ya ƙi koya wa kowa koɗar dutse, shi ya sa injin niƙan ya mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Injin na ruwa ne, ba ya shan mai. Wani fada na mishan ya kafa shi a bakin rafi, a wani ƙauye ƙarƙashin tsaunukan Udi, ya tafi ya bar shi yana tsatsa. Gwadabe, mutumin Indabawa ta Kano da ke leburanci a reluwe ta Inugu, shi ya tayar da shi. Ruwa ya faɗo kan ƙatuwar ƙafar katako, ƙafa ta juya dutse, dutse ya ci masara. Cikin shekara goma, wurin da a da sai birai ya zama kasuwa: masu ƙosai, mai gyaran keke, har da tela. Kullum Gwadabe yakan taho a keke daga unguwar Hausawa.

Filin na Theresa ne, wata 'yar ƙauyen da ta yi zaman Jos, tana jin Hausa kamar jakin Kano.

Dutsen niƙa in ya sha aiki sulɓi yake yi, sai an koɗa shi, wato a sassare fuskarsa da 'yar guduma a fito masa da haƙora. Ranar koɗa Gwadabe rufe ƙofa yake yi.

"Malam, mace ka ɓoye a ciki?" in ji Theresa.

"Madam, sana'ar ubana ce. In kin iya, gobe me zan ci?"

Da rikicin sittin da shida ya ɓarke, 'yan Arewa suka fara gudu. Theresa ta ɓoye shi kwana biyu a ramin da ke ƙarƙashin ƙafar injin, sannan ta cusa shi cikin motar rogo mai zuwa tasha. Kafin motar ta tashi ta ce, "Nuna mini, ko sau ɗaya."

"Sati biyu zan dawo," ya ce. Gudumar, gadon ubansa, tana aljihunsa.

Bai dawo ba sai da yaƙin basasa ya ƙare, a shekarar saba'in. Ya tarar ƙafar tana juyawa, dutsen kuwa ya yi sumul kamar tangaran. Theresa na zaune a bakin ƙofa, ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu.

"Sati biyun ya cika?" ta ce.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata barka da arziki. Ta amsa, sannan ta faɗa masa ba kwana-kwana. Mai ya ƙare a ƙasar, kowane inji ya tsaya sai nasu. Daga ƙauye goma ake zuwa da 'yar masarar da aka samu. A shekara ta biyu dutsen ya daina ci. Suka gwada ƙusa, suka gwada gatari, suka ɓare gefe guda. Mata suka koma turmi, da hannuwan da ba sa iya ɗaga taɓarya.

"Ni ma na rasa gidana," in ji Gwadabe.

"Ban tambaye ka ba."

Dattawan ƙauyen suka ce wanda ya tafi ya tafi, amma filin na Theresa ne, ita za ta yanke. Gwadabe ba shi da komai a Kano sai kunya. In ta ce a'a, ya gama.

"Za ka zauna," ta ce. "Amma ƙofar nan yau za a cire ta. Ka koɗa a tsakar kasuwa, kowa na gani. In ka gama, gudumar tawa ce."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya sa aka mirgino dutsen waje, ya zauna, ya kama hannunta ya ɗora kan ƙotar. "Ba duka ba ne, Madam, ba mijinki ba ne. Ki bar ta ta faɗi da nauyinta."

Matan da suka taru suka fashe da dariya, wadda aka daɗe ba a ji ba a wurin. Kwana uku, gari ya fito laushi, mai ƙosai ta dawo da kaskonta.

Kafin shekara mata huɗu sun iya koɗa, biyu ma sun fi shi. Gwadabe ya yi sauran rayuwarsa a wurin, yana ci yana sha, amma ba a ƙara kiransa mai inji ba. In dutse ya yi sulɓi, shi ke zuwa wajen Theresa aron gudumar ubansa.