Wa Ke Riƙe wa Safara'u

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gaggawa na ƙaramin asibitin nan da ke bakin titin Doguwa ya san abin yi idan uzuri ya taso masa: ya nemi Safara'u ta riƙe masa aiki. Matarka ta haihu, Safara'u. Ƙanwarka za ta tare, Safara'u. An yi rasuwa a unguwarku, ko da ba ka san mamacin ba sai a sahun masallaci, Safara'u. Ma'aikatan jinyar ɗakin su ne ita da Uzairu da Rufa'i da shugabarsu Sista Aisha Humaira, amma in ka tambayi direbobin da ke kwaso mutane daga dajin Falgore, za su rantse maka mace ɗaya ce ke aiki a wurin.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Aurenta ya mutu tuntuni, Allah bai ba ta haihuwa ba, ga ɗakinta nan a gidajen ma'aikata, kana leƙowa ta taga za ka hango ƙofarsa. "Ke ai ba ki da kowa a gida," haka suke ce mata, da dariya, ba da mugunta ba. Ita kuma kara ta yi mata yawa, bakinta bai iya cewa a'a ba. Sai ta yi murmushi ta ce Allah ya kai su lafiya, su gaishe da mutanen gida.

To amma ƙarya suke yi, tana da kowa. Tana da Baffa Maikano a Tiga, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta tun tana yarinya. Yana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ya shanye ƙauyensu, ya ajiye fartanya ya koyi jefa koma da girmansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun watsu neman abinci. Har bara yakan ba direba ƙunshin bandar kifi ya kawo mata, ta ci ita kaɗai a ɗaki, tana cirar ƙaya a hankali don kada ya yi saurin ƙarewa.

Ran nan da hantsi, lokacin kakar masara, Fiddausi maƙwabciyarsa ta kira ta a waya.

"Yaya Safara'u, jikin Baffa fa ya ƙi. Ko kunu ba ya karɓa. Da labule ya motsa sai ya ce ke ce kika zo?"

Safara'u ta ajiye wayar. Wuni ɗaya take so, ta je ta gan shi ta dawo. Ta fara da Sista Aisha Humaira, ita kuwa gobe ake kamun 'yarta. Uzairu ya riga ya tara masu karyar masara a gonarsa, in ya bar su ba shi sai abin da ya gani. Rufa'i kuma akwai sunan ɗan yayansa a Kiru, shi zai yanka ragon. Babu wanda ya ce mata ba zai riƙe ba, ka ji mugun abin. Kowa cewa ya yi a bari a wuce wannan hidimar tukuna.

"Ciwon tsofaffi ne, Safara'u, yana zuwa yana tafiya," in ji Sista, tana gyara mayafi. "Da an kai amarya ni da kaina zan zauna miki."

Safara'u ta ce to, Allah ya sanya alheri. Ta koma ta wanke hannu ta sa safar hannu.

A ranar ce wata baƙuwa ta zo, Badiyya, ma'aikaciyar jinya daga Kano da ke ƙaro karatu. Tana zagaya asibitocin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa tana bincike kan yadda gajiyar masu aikin gaggawa ke shafar marasa lafiya. Ta nuna takardar izini, ta zauna a kan benci da wayarta tana jiran a sami sarari. Da ta tambayi ina sauran ma'aikata, Safara'u ta ce suna nan zuwa, don ba ta iya tona asirin abokan aiki a gaban baƙo ba.

Ba su yi nisa da hira ba sai ga motar masara ta kife a kwanar daji, an kwaso leburorin da ke saman buhuna. Ɗakin ya cika da jini da ƙura da salati. Likita sai ranakun da yake zuwa daga Tudun Wada, yau kuma ba ranarsa ba ce. Safara'u ta ɗaure wannan, ta sa wa wancan ƙarin ruwa, ta ɗinke goshin wani, ta kori 'yan kallo daga bakin ƙofa. Aiki ne da hannunta ya haddace, ko ba ta yi tunani ba yana tafiya.

Can sai Badiyya ta ga Safara'u ta tsaya cak a gefen gadon wani dattijo mai karyayyar ƙafa, da allura cike a hannu. Ta yi masa ta kashe zafi ko ba ta yi ba? Ta lalubi kanta ba ta samu ba. Abin da ke cikin kan nata labule ne kawai yana motsi a wani ɗaki a Tiga. Allurar kuma ba irin wadda ake ninkawa ba ce, tana iya tafiya da numfashin mutum. Ta leƙa farantin ƙarfe ta ga fasasshiyar kwalba a ƙarƙashin auduga, ta ɗaga hannun rigarsa ta ga ɗigon jini a dantse. Ta riga ta yi masa. Ta juya ta tsiyaye ta biyun a kwandon shara, kunya da tsoro suka rufe ta.

Bayan la'asar, da aka wuce da masu tsananin zuwa Kano, suka zauna. Badiyya ta zuba mata shayi daga filas ɗinta, Safara'u ta karɓa da hannu biyu. Ta manta rabon da wani ya miƙo mata abu a ɗakin nan in ba katin maras lafiya ba.

"Sista Safara'u, yaushe rabonki da hutu?"

"Alhamdulillahi, muna hutawa."

Badiyya ta kashe wayar da take naɗar magana, ta kife ta a cinya. "Na ga abin da ya faru ɗazu. Ba zan sa sunanki ko na asibiti ba, kuma ni ma ya taɓa kusan faruwa da ni. Abu ɗaya zan tambaye ki. Idan su suna da uzuri ke kike riƙe musu. Idan ke ce da uzuri, wa ke riƙe miki?"

Safara'u ta buɗe baki za ta ce ai ba ta taɓa yin uzuri ba, sai ta fasa. Ta ba ta labarin Baffa Maikano tun daga bandar kifi har labulen, tana yi tana share ido da gefen hijabi. Wani abin baƙin ciki, duk shekarun da ta yi a wurin, baƙuwar wuni ɗaya ce ta fara jin labarinsa.

"Wallahi da ina da izinin taɓa maras lafiya a nan, da yanzu kin hau mota," in ji Badiyya. "Amma izinin tambaya kaɗai aka ba ni."

"Na sani, ƙanwata. Na gode."

Kafin magariba Badiyya ta tafi, ɗakin ya koma yadda yake, daga ita sai ƙarar fanka. Ta yi tunanin ta ja ƙofa ta tafi abinta. Sai ta dubi dattijon nan yana barci, ƙirjinsa na hawa yana sauka, ta koma ta zauna.

Washegari da hantsi Fiddausi ta sake kira, wannan karon ba ta yi doguwar magana ba. Kai, sai ka ga ikon Allah. Kafin a ce me, Uzairu ya baro masararsa, Rufa'i ya juyo daga hanyar Kiru, Sista ta bar 'yan biki ta zo da lalle a hannu. Dubiya ana iya ɗaga ta, amma rasuwa ba a wasa da ita. Su suka tsayar mata da mota, su suka riƙe mata jaka. Ko da ta isa Tiga har an kai shi an dawo, sai tabarmarsa da ta tarar a naɗe da komarsa rataye a jikin katanga.

Ranar uku, tana zaune cikin mata a tsakar gida, sai ga Sista Aisha Humaira ta yi sallama da matan ɗakin haihuwa da na ɗakin magani. Mota guda suka yo daga asibiti, kamar yadda suka saba yi wa kowa. Safara'u ta ji daɗi har cikin ranta, ba ta zaci za a yi mata wannan karar ba. Bayan addu'a Sista ta ce maza suna soro suna son yi mata gaisuwa, ta tashi ta bi ta.

Ga Uzairu, ga Rufa'i, sun durƙusa suna ya haƙuri, Allah ya jiƙan Baffa. Ta amsa. Sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi Sista da ke tsaye kusa da ita.

"Wa kuka bari a ɗakin?"

Uzairu ya kalli Rufa'i. Uzairun ne ya yi aikin safe, da ya ga mota ta cika sai ya shiga. Rufa'i ne da aikin rana, shi kuma tun da yake bai taɓa tsayawa tunanin wa zai bari ba in za a tafi gaisuwa.

"Ai na ɗauka Safara'u tana..." Bai ƙarasa ba.

Sista ta kira maigadin asibiti a waya. Ya ce tun ɗazu aka kawo wani ɗan acaba, yana kwance a kan benci, 'yan'uwansa sai tambaya suke ina nas. Nan fa aka shiga neman takalma, aka aika a kirawo direba daga wurin masu kifi.

Safara'u ta shiga ɗakin Baffa ta ɗauko jakarta. Labulen ya motsa a bayanta, ba wanda ya tambayi ko ita ce. Fiddausi ta biyo ta tana cewa ko abincin sadaka ba a raba ba, ta ce ta wakilce ta.

A bakin mota Sista ta tare ta. "Haba Safara'u, koma ki zauna ki ƙarasa kwanakinki. Mu za mu ji da shi."

"In zauna wa wa, Sista? Yanzu kam ba ni da kowa a gida."

Ba wanda ya yi dariya. Rufa'i ya matsa mata ta zauna a bakin taga, direba ya tayar da mota suka kama hanyar Doguwa.