Sawu a Kan Hoda

Mutumin nan ya kashe mutane ba adadi, amma duk a takarda. Shi ya sa abokansa suke ce masa Mai Gawa, shi kuwa ko a jikinsa, tunda da gawar yake ciyar da gida. Littafi na hannun mai bugawa, wasan rediyo na jiransa duk mako, ga jarida tana karɓar labarinsa kashi-kashi. Editan jaridar kuma, Allah ya shirye shi, in ya fara kiran waya ba ya sanin gajiya.

Ɗakin aikinsa yana ƙarshen baranda, gaba da ɗakin mahaifiyarsa. Bango guda ya cika shi da ƙananan katuna: wa ya shiga ina, wa ya ga wa, wa ya yi ƙarya. Dokar gidan kowa ya san ta, ba a shiga ɗakin nan ko da tsintsiya.

To, sai aka fara shiga.

Makullin ɗakin ne ya fara ɓata. Bayan nan ya dawo daga gidan rediyo ya tarar an ciro katunansa daga bango, an tara su a tebur tsaf, aikin wata guda ya cakuɗe. Wata rana birukansa ya samu an ɗaure da roba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne guntun burodi da ya gani a aljihun tebur, an naɗe shi da shafin da ya gama gyarawa, maiƙo ya ɓata rubutun.

Wani zai yi tambaya ne kawai. Mai Gawa ba ya tambaya, bincike yake yi. Sufeton da ke cikin littattafansa yana da ƙa'ida: nemi wanda yake da hanya, sannan ka nemi wanda yake da dalili. Yara suna makarantar kwana. Inna tsohuwa ce, da sanda take takawa, kullum da safe yakan leƙa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" kafin ta amsa ya yi gaba da waya a kunne. Saura wa? Saura maiɗakinsa.

Dalili kuwa ga shi nan birjik. Ta daɗe tana binsa da, "Abban yara, ina son magana da kai," yana ce mata, "Bari in rufe wannan babin." Babi kuwa ba ya rufuwa, in wannan ya mutu wani ya haihu. Har akwai ranar da haushi ya kama ta ta ce wata rana sai ta cinna wa takardun nan ashana ko za a ga fuskarsa a gidan.

Ya sa mata ido. Kai, wanda ke neman laifi ai ba ya rasawa. Ya ga tana waya a bayan kicin murya ƙasa-ƙasa, da ya matso ta kashe. Ya ga ta dawo da ledar kantin magani ta tura can saman kwaba. Wuƙaƙe da ashana duk sun bar inda suke, sun koma cikin kabad mai kwaɗo. Ƙofar gida ma yanzu rufe take da rana tsaka, makullin yana rataye a wuyanta da igiya. Zuciyarsa ta yi nauyi, don yana son matar nan, shekarunsu da yawa tare. Amma wani ɓangare na kansa, Allah ya yafe masa, daɗi yake ji yadda komai yake haɗuwa.

Ranar da zai je ɗaukar wasan rediyo ya ɗauki hodar matar daga gaban madubi, ya barbaɗa ta a siminti tun daga bakin ƙofar ɗakinsa har gindin tebur, ya ja ƙofa ya fita. A gidan rediyo jikinsa ne kawai yake wurin. Mai haɗa sauti ya tambaye shi ko ƙarar bindiga za a sa ko ta faɗuwar kujera, ya ce a sa duk wadda ta samu.

Da ya dawo ya tura ƙofa a hankali ya durƙusa. Ga sawu nan ɓaro-ɓaro. Ƙafa ce ƙarama, ba takalmi, ta hagu tana ɗan ja. Gefenta kuma ga ɗigo-ɗigon zagaye, irin wanda robar gindin sanda take bari.

Ko jariri ya ga wannan ya san sawun wane ne. Amma Mai Gawa ya yi shekaru yana koya wa masu karatu cewa alamar farko ƙarya ce, mai laifi ne yake dasa ta. Sai ya yi murmushin takaici ya gyaɗa kai. Wato har ta kai ga ɗaukar sandar tsohuwa?

Ya same ta a tsakar gida tana shanya zanin gado.

"Ke, zo nan. Na san komai."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sauke hannu. Har fuskarta ta saki. "Wa ya gaya maka?"

"Hoda ce ta gaya min. Kin cire takalmi, kin ja ƙafa, kin dogara sandar Inna. Ɓata min aiki da kike yi zan iya haƙuri da shi. Amma ki rasa wanda za ki laƙa wa sai uwata?"

Ta tsaya tana kallonsa, zanin yana ɗiga a kan ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma abin da ya fara ba shi tsoro.

"Ashe kai ka zuba hodar. Saura kaɗan Inna ta zame ta karya ƙugu, ni na tare ta." Ta matse zanin ta rataya. "Ni ka kalla ka ce na yi wa Inna sharri. To, na ji. Gobe zan tafi gidan Yaya, in ka gama babin ka neme ni. Amma kafin in tafi, abu ɗaya za ka yi. Gobe ba rediyo, ba jarida. Ka zauna a kujerarka lokacin da 'yan makaranta suke tashi. Kada ka yi magana."

Ya so ya ce yana da alkawari da mai bugawa. Da ya kalli idonta sai ya haɗiye.

Washegari ya zauna. Jakar matar tana baranda a ɗaure, yana hangenta ta ƙofar da ya bari a buɗe. Waya ta yi ta rawa a kan tebur, edita ne, ya kife ta. Har yanzu bai saki zarginsa ba, yana ta lissafin irin wasan da za a shirya masa.

Can sai hayaniyar yara ta taso daga titi, an tashi daga makaranta. Bai daɗe ba ya ji ƙwas, ƙwas, da jan ƙafa a baranda.

Inna ta shigo. Ɗankwalinta ya karkace, ta rame fiye da yadda ya sani, ya rasa yaushe rabon da ya kalle ta da kyau a cikin haske. Ba ta dubi inda yake ba. Ta nufi bango ta fara ciro katuna ɗaya bayan ɗaya tana mita.

"Yaron nan da ɓarna. Kullum sai ya liƙa wa mutane takardu a bango, in babansa ya dawo ya dake shi." Ta tara su tsaf. Ta kwance bakin zaninta ta fito da guntun burodi, ta ja takarda ɗaya daga tebur ta naɗe, ta buɗe aljihun tebur ta ajiye. Mahaifin da take tsoron kada ya daki yaron ya daɗe a kabari.

Sai ta juyo ta gan shi. Ta gyara ɗankwali da sauri, ta ɗan rusuna irin yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu, Malam. Ban san da mutum ba. Kai ne malaminsu?"

Ya ɗaga kai. Maiɗakinsa tana tsaye a bakin ƙofa, igiyar makulli a wuyanta. Yanzu ya gane wuƙaƙen, ya gane ashanar da ledar maganin da ƙofar da ake rufewa, ya gane maganar da aka yi ta binsa da ita. Kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da ita.

"Autana nake jira," in ji Inna. "Wani ɗan siriri, mai yawan surutu, kullum yana ƙirƙiro labari. Duk yara sun wuce, shi bai shigo ba. Ba ka gan shi ba?"

Waya ta sake rawa a kan tebur. Ya miƙa hannu ya kashe ta gaba ɗaya. Ya tashi ya kama hannun tsohuwar, ya zaunar da ita a kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, shi kuma ya zauna a ƙasa, inda sauran hodar take.

"Na gan shi, Inna," ya ce. "Yana hanya. Latti ya yi."

"Ai halinsa ne," ta ce. "To, bari mu jira shi."

Matar ta daɗe a tsaye. Daga baya ta sunkuya ta ɗauki jakarta, maimakon ta fita da ita, sai ta shigar da ita ɗakin Inna.