Randar Baƙo

Shekara tara Malam Muhtari yana rubuta wa jami'a wasiƙa, shekara tara ba wanda ya ce masa ko ci kanka. Da wani ne da tuni ya haƙura ya kama abin da zai fisshe shi, amma Muhtari irin mutanen nan ne da in suka kafe a kan abu sai sun ga ƙarshensa. Abin da yake faɗa a wasiƙun bai taɓa canzawa ba: akwai wani tudu gabas da garinsu Badarawa, tsohon kufai ne, duk damina ruwa yana tono hannaye da guntayen fuskokin mutane na gasasshen yumɓu, a zo a duba kafin su ƙare.

Mutanen gari ba su ga abin dubawa ba. A wurinsu gumakan mutanen da ne, malamin firamaren da ke yawo da gumaka a aljihu kuwa, ai kansa ne ke son dubawa. Suka laƙaba masa Malam Na-Gumaka. Ranar da ya kai wani guntun hannu aji ya nuna wa ɗalibai, iyaye suka yi masa ca, kafin zangon karatu ya ƙare an ɗauke shi daga Shinkafi an jefa shi Zurmi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don shi mutum ne mai salla a kan lokaci.

A ranin 1994 waɗansu baƙi suka sauka a tudun da diga da shebur. Su ba su rubuta wa kowa wasiƙa ba. Wata uku suna haƙa, suna naɗe abin da suka samu cikin tsumma, motoci na kwashewa ta hanyar iyaka. Masu yi wa Muhtari dariya kuwa su ne 'yan ƙwadagonsu, ba ko kunya. Da baƙin suka tashi, tudun ya koma ramuka, ko akuya tana shakkar bi ta wurin.

Abu guda suka bari ba da saninsu ba. Da ruwan farko ya sauka, gefen wani rami ya zaftare, Muhtari ya tsinci kai ɗungurungum, ko ƙwarzane babu. Girmansa bai wuce ƙaramar ƙwarya ba. Gira ta sauko ta rufe rabin ido, gemu a kitse, baki a ɗan buɗe kamar mai shirin amsa gaisuwa. Muhtari ya durƙusa cikin taɓo yana kallonsa har hawaye suka zubo masa. Wannan kai shi kaɗai ne shaidarsa cewa shi ba mahaukaci ba ne, kuma an yi mutane masu hannu a ƙasar nan tun kafin a san sunanta.

To, ina zai ajiye shi? Ɗakinsa na Zurmi gidan haya ne, idanu sun yi yawa. Sai ya tuna da ƙarƙashin rumbun mahaifiyarsa.

Inna Turai maginiyar tukwane ce, kuma duk ƙasar Shinkafi an san randarta ba ta tsagewa. Sirrin ba wani mai tsawo ba ne. Tsohon tsingaro take dakawa ya zama gari, ta cuɗa shi da sabon yumɓu, kamar yadda uwarta ta koya mata. Na tudun kufai ya fi kowanne, shi ya sa tun da yanar ido ta rufe mata gani ta daina iya zuwa, Muhtari ne ke ciko mata buhu duk zuwansa gida, ya tura ƙarƙashin rumbu. Nan ya tura kan, a naɗe cikin tsohon buhun taki, can ƙurya. Bai gaya mata ba. Ta sha baƙin ciki a kan sunan da aka laƙaba masa, bai so ta ji cewa ɗanta ya kawo mata gunki har gida.

Ya aika wasiƙa ta ƙarshe da zanen kan a ciki. Ga mamakinsa sai amsa ta zo. Wani Dakta Dauda, mai binciken kayan tarihi, ya rubuto cewa zai zo da kansa nan da mako shida. Ya ce in abin ya tabbata, za a iya neman hukuma ta killace abin da ya rage na tudun. Ya ja layi a ƙarƙashin magana guda: kada a wanke kan, kada kuma a bar shi ya kusanci wuta. Ya yi bayani cewa gasasshen yumɓu yana tara wani abu a jikinsa kaɗan-kaɗan tun daga ranar da ya fito daga wuta, da shi ake auna shekarunsa a ɗakin bincike, in ya sake shiga wuta kuwa duk abin da ya tara ya tafi.

Ranar Juma'a Muhtari ya zo gida bakinsa har kunne. Ya leƙa ƙarƙashin rumbu, ya laluba ya ji kan na nan, sannan ya je ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, babban baƙo za ni yi. Daga jami'a za shi taho."

Ita ba ta kiran sunansa, don sunan surukinta ne. Ta ce, "Ɗanbaba, wurinka za shi zaka? Kai da kanka?"

"Ni da kaina, Inna."

Ta daɗe tana murmushi. "To, Allah shi kawo shi lahiya. Ba mu jin kunya."

Ya koma Zurmi, jarrabawa ta riƙe shi, bai sake leƙo gida ba. Ranar da aka yi alkawari ya wuce Kaura Namoda tun da hantsi, ya tsaya a tashar mota cikin babbar rigarsa ta Salla. Dakta Dauda ya sauko da 'yar jaka da akwatin katako mai auduga a ciki, wanda aka yi musamman don ɗaukar kan. Mutum ne mai sauƙin kai. Daga Kaura har Shinkafi yana sauraron Muhtari, kuma ba wanda ya taɓa sauraronsa haka. Dakta ya gaya masa an sami irin waɗannan kawuna a wasu wurare, ana zaton sun kai shekara dubu biyu, amma kusan duk ta hannun 'yan fasa-ƙwauri suka fita, ba a san ramin da suka fito ba.

"Naka ka san inda ka tsince shi, Malam. Abin da ya sa na taso ke nan."

Da azahar suka isa Badarawa a kan babur. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, Muhtari ya bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya ga dama ya ja ta da tsawo. A tsakar gida an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Gindin bishiyar bedi ga wata sabuwar randa ja jawur, jikinta na naso. Inna Turai ta lalubo moɗa ta ɗebo ruwa ta miƙa wa baƙo. Ya shanye ya nemi ƙari, ya ce rabonsa da ruwa mai daɗi haka tun yana gidansu.

Muhtari bai tsaya sha ba. Ya kwanta rub da ciki ya zura hannu ƙarƙashin rumbu, ya jawo buhun takin. Ya ji shi sakayau, ba nauyi. Ya zazzage shi, ba abin da ya fito sai 'yar ƙasa. Ya sake shiga har kafaɗa, ya fito da yanar gizo a hula.

"Inna, wani ya shigo gidanga?"

"Wa za shi shigo? Mi kaka biɗa?"

"Abin da ni aje cikin wanga buhu."

"Au, mai gemu?" Ta yi dariya. "Allah shi yi ma albarka, Ɗanbaba. Shekara hamsin ina dakan tsingaron kufai, ban taɓa samun awa shi ba. Da nib buga shi da dutse, ƙara tai awa ƙarhe. Na ce wanga ba na randar kasuwa ba na, na randar baƙonka na." Ta dafa sabuwar randar. "Ga shi nan ciki duka, ko ƙwaya ban rage ba."

Muhtari ya tsaya da buhu a hannu. Ya so ya yi ihu, amma wa zai yi wa? Shi ya saba kawo mata, shi ya tura shi cikin kayanta, shi ya rufe bakinsa. Ya juya wurin baƙon.

"Dakta, garin yana cikin randar. In aka fasa aka ɗebi kaɗan, ba za a iya aunawa ba?"

Dakta Dauda ya dubi moɗar da ke hannunsa. A hankali ya ce, "Inna, an gasa randar nan?"

"Mi za a yi da ɗanyar randa? Wuni guda tana cikin wuta. Kara da kashin shanu, ni da kaina nit tsaya."

"To, Malam," in ji Dakta, "in muka auna, za ta ce mana watanta ɗaya."

Inna Turai ba ta gani, amma ta ji shirun ya yi yawa, sai ta shiga cike shi da hira kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Kuma mace ta gina shi, ku sani. Bayan kunne akwai wurin da ta danna da babban yatsa. Da nis sa nawa, daidai wa daida. Na daɗe riƙe da shi kahin in daka."

Dakta ya ciro biro, ya buɗe littafinsa, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya rufe bai rubuta komai ba. Da la'asar Muhtari ya kai shi tudun, suka zaga ramukan, Dakta ya tsinci 'yan ɓarɓashi ya zubar. Ya ce ba shi da abin da zai nuna wa hukuma, ya ba da haƙuri har sau uku. Ya hau babur da akwatinsa fayau, mutanen ƙofar gida suna kallo, wani ya tambaya da ƙarfi ko gunkin ne ya ƙi bin baƙo.

Muhtari ya dawo ya zauna gindin bedi, bai ko tuɓe babbar rigar ba. Inna Turai ta lalubo moɗa ta cika, ta miƙo masa.

"Kai ba ka sha ba. Ko baƙon bai ji daɗinta ba, Ɗanbaba? Ruwan bai yi sanyi ba?"

Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai, ya sha har ƙasa.

"Ya yi sanyi, Inna," ya ce.