Facin Garwa a Fijon Alhaji Yahaya

Shekara talatin da shida ina dukan ƙarfe a Kaduna. Ban yi boko ba, amma in na ƙwanƙwasa jikin mota da bayan yatsa, sai in gaya maka inda aka taɓa buge ta da irin ha'incin da wanda ya gyara ya yi. A Kurmin Mashi in ka ce Sabo fanel bita, ko mai tallar koko za ta nuna maka garejina.

A damunar 1991 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Lawal ya jawo min wata Fijo 404 da igiya daga Abakpa. Fara ce a da. Yanzu kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, gaban dama kuma ya lotse.

"Ta mahaifina ce, Alhaji Yahaya," in ji shi. "A cikinta ya rasu, a hanyar Zariya, shekara goma sha bakwai ke nan. Mahaifiyata Hajiya ta hana a sayar. Yanzu ta tsufa, tana so ta gan ta a tsaye kafin ta bi shi."

Na zagaya motar, na ce za ta tashi.

Muna cikin magana sai ga Mamman da farantin goronsa, yana jan ƙafarsa ta hagu kamar kullum. A duk garejin, Mamman Barci muke kiransa. Kowa ya san direba ne a da, ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari ya kashe maigidansa, tun daga nan ba wanda ya sake miƙa masa makullin mota. Ni kaina kullum sai na ce, "Barci, ka farka ko a yayyafa maka ruwa?" Shi kuma ya ce, "Sabo, ci goro ka rufe baki."

Ran nan bai kai ga rumfa ba ya tsaya cak. Ya dubi motar, ya dubi Lawal.

"Yallaɓai ƙarami," ya ce.

Lawal ya kau da kai. "Malam Sabo, wannan mutumin a nan yake zama?"

Sai a lokacin na gane wane maigida ake nufi. Mamman ya juya ya tafi, ko goro ɗaya bai sayar ba.

Na fara aiki washegari. Tsohuwar mota ba a fara ta daga inda ido ke gani. Ka cire kujeru, ka ɗaga shimfiɗa, ka kankare kwalta da laka har ƙarfe ya fito tsirara. Inda ya ruɓe ka yanke, ka auna sabo, ka kunna wutar kabaid ka yi walda. Kwana huɗu ina ƙasan ƙofofi. A na biyar na koma gaba.

Gefen dama ba abin mamaki, itace ne ya karɓe ta, sawunsa na nan. Da na leƙa hagu sai na ga abin da bai kamata ba. Wurin da shokozoba ke zaune, sama da tayar gaba, ya ɓarke. Ba ciki ya lotsa ba kamar yadda duka ke yi. Sama ya tsage, wato ƙarfen ne ya gaza ɗaukar nauyi, tayar ta shige, motar ta ƙwace. A guje in haka ta faru, ko idonka goma ne a buɗe ba abin da za ka iya.

Na ce a raina, wane mara tsoron Allah ne ya taɓa nan? Na sa kurfi na kankare. Ƙarƙashin kwaltar sai ga fila, kwaɓin da muke cike lotsa da shi, kauri kamar tuwo. Ƙarƙashin filar kuma gwangwanin garwar kananzir aka yanka aka liƙa a kan ramin tsatsa. Garwa! A wurin da ke ɗauke da rabin nauyin mota.

Na fizgo facin na fito da shi rana ina tsinuwa. Na goge shi da gefen rigata. A kusurwarsa akwai ɗigo uku da aka buga da ƙusa.

Na zauna daɓas a cikin baƙin mai.

Lokacin da nake aiki a wani babban gareji a Abakpa mu bakwai ne, kowa na cewa shi ya yi aiki mai kyau. Shi ya sa nake buga ɗigo uku a duk facin da na yi. Na tuna makon Sallah na shekarar nan, motoci sun yi layi, farantin ƙarfen da muke faci da shi ya ƙare, makanikin da ya kawo wata farar Fijo yana tsaye a kaina yana cewa masu ita gobe za su yi tafiya. Na ce a raina, garwa za ta riƙe zuwa bayan Sallah, in ta dawo na sake. Ban san mai ita ba. Ba ta dawo ba, ni kuma na manta.

Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne in jefa facin a rijiyar bayan gareji. Wa zai sani? In yanke wurin, in sa ƙarfe mai kauri, in shafe. Na sa facin a aljihu, ya kwana uku a nan. Abinci ya ƙi shiga. Matata Dije ta ce ko shawara ce ta kama ni.

Ranar Asabar Lawal ya zo duba aiki. Na aika a kira min Mamman daga bakin titi, don tun ranar nan ya daina shigowa. Ya zo yana ɗari-ɗari, makanikai suka taru.

"Me kuma ya kawo shi?" in ji Lawal.

Na ɗaga bonet na nuna masa wurin. "Yallaɓai, dubi nan. Wannan ya tsage tun kafin ta kai ga itacen. Mamman bai yi barci ba."

"Kai ka ga hatsarin?"

"Ban gani ba, ƙarfe ne ya gani." Na ciro facin na ɗora a tafin hannunsa. "Wannan aka sa a madadin farantin ƙarfe. Ɗigo ukun nan kuma, tambayi duk tsohon fanel bita a garin nan, zai gaya maka hannun wa ne. Nawa ne."

Har wanda ke walda ya kashe wuta. Lawal ya juya facin a hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Kai? Kai na kawo wa ita?"

Mamman ya ajiye farantinsa a ƙasa a hankali. "Na faɗa," ya ce wa Lawal. "A gadon asibiti na faɗa. Na ce wani abu ya yi ƙara ta hagu, sitiyari ya ƙwace. Kawunka ya ce in yi shiru, maƙaryaci." Ya juyo gare ni. "Sabo, shekara nawa kana ce min in farka?"

Na durƙusa, na ce su yafe min.

Lawal bai ko dube ni ba. Ya kama hannun Mamman da hannu biyu. "Baba Mamman, zo mu je wurin Hajiya. Da bakinka za ka gaya mata."

"Ba ni abin nan tukuna," in ji Mamman. Ya karɓi facin ya jefa a aljihu.

Da yamma aka zo da igiya aka ja motar zuwa wani gareji a Rigasa. Wata biyar bayan haka na gan ta ta wuce, fara fat, Hajiya a baya, Mamman a kan sitiyari, hularsa a karkace. Bai yi min hon ba.

Facin yana wurinsa har yau, duk wanda ya tsaya sai ya ciro ya nuna masa ɗigo ukun. Ba wanda ke ce masa Barci yanzu. Ni kuwa, in ka zo Kurmin Mashi, kada ka wahalar da kanka da neman Sabo fanel bita. Ka ce Sabo Garwa, za a nuna maka.