Ƙafafun Nezir

Zumra ta tura takardar gefe da bayan hannu, kamar mai share ɓurɓushin burodi.

"Sake karanta min," ta ce.

Amela, ma'aikaciyar ofishin tantance gawarwaki a garin Tuzla, ta sake karantawa a hankali. Muƙamuƙi. Hannun dama. Haƙarƙari shida. An samo su a ramuka biyu masu nisa da juna, domin bayan kisan da aka yi a Srebrenica an dawo da motocin tona ƙasa an kwashe gawarwakin, an watsa su a wasu wurare.

"Ƙafafun fa?"

"Har yanzu ba a samu ba, Mama."

Shekara goma sha ɗaya ke nan Zumra tana hawo mota daga Srebrenica ta ji wannan amsar, ta ƙi sa hannu a binne mijinta Nezir. Bana likita ya ga wani abu a huhunta, ya daina kallon idonta in yana magana. Yau ce kuma ranar rufe sunayen waɗanda za a yi wa jana'iza a watan Yuli.

Hajro, ƙanen mijin, wanda ya rako ta, yana ta juya hularsa a kan gwiwa.

"Matar yaya, ki bar taurin kai. Mutumin da ya yi shekara ashirin a ramin ma'adinai, ƙasa ce za ta ba shi tsoro? Tun zamanin Romawa ake tura mu ƙarƙashi neman azurfa. Turkawa suka zo, mutanen Austriya suka zo, kowa ya kwashi rabonsa. Mu dai ramin muka gada."

"Kai da ka yi wata uku ka gudo da ciwon baya?" in ji Zumra.

"To ai ga ni da raina."

Ba wanda ya yi dariya. Hajro ya sunkuyar da kai.

"In kin sa hannu ba a rufe maganar ba," in ji Amela. "Duk abin da aka samu daga baya, sai a buɗe kabarin a haɗa masa. Haka muke yi wa kowa."

"A sake tono shi?"

"Eh, Mama."

Zumra ta shiga lanƙwasa yatsunta tana ƙirgawa. "Sun binne, sun tone. Sun sake binnewa, kun tone. A ramin ma'adinai bai taɓa wuce awa takwas ba, sai a fito da shi ya huta. Yanzu kuma ba a barin sa ya kwanta."

Tari ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Da ya lafa ta jawo takardar, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi.

"'Yata, ƙara min layi ɗaya a ƙasa. Kada a sake buɗe shi."

"Babu gurbin wannan a takardar. In an samu ƙafafun fa?"

"Ki rubuta a gefe." Zumra ta gyara ɗankwalinta, ta dafa teburin ta miƙe. "Ku ajiye su, ku sa a nawa kabarin. Na rame, akwai wuri."